Kocin Bugun da Bai Iya Bugu Ba

A unguwar masu saran rake da ke bayan garin San Pedro, ba a taɓa yin yaro mai hannu irin na Nicanor Ubiera ba. Tun yana ƙarami, idan ana besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da gora, a filin da ke gefen layin dogo, shi ake turawa can bayan fili, inda ƙwallon da aka buga da ƙarfi take zuwa ta sauka. Gora na yin ƙara sai ka ga ya juya baya ya zura da gudu, ko ɗaga kai bai yi ba, ya je wani wuri ya tsaya ya buɗe safar hannu, ƙwallon ta zo ta faɗa ciki kamar wurinsa aka aiko ta. Tsofaffin da ke kallo suka sa masa suna Shaho. Ubansa, wanda ƙotar adda ta cinye wa tafin hannu, ya ce ko shaho ne ko ungulu, in dai abin zai raba yaron da gonar rake, ya yarda.

Sai dai besbol ba cafka kaɗai ba ce. Kowane ɗan wasa, komai iya tsaronsa, sai layi ya zo kansa ya ɗauki gora ya tsaya gaban mai jifa, in ya kai bugu ya sami iska sau uku ya koma benci. A nan ne Allah ya rage wa Nicanor. Idan aka jefo masa ƙwallo a miƙe, wani lokaci yakan taɓa ta. Idan kuwa aka murɗo ta, irin wadda take tahowa kamar za ta fasa maka kai sannan ta karkace, sai ƙafarsa ta hagu ta ja baya da kanta, gorar ta wuce ta sama, 'yan kallo su ce Shaho yana yi musu fifita.

Duk da haka Amurkawa suka ɗauke shi yana ɗan shekara goma sha bakwai, don sun ce hannu irin wannan ba a koyar da shi, bugu kuwa ana koyarwa. Shekara goma sha biyar suka yi suna koyarwa. Ya yi yawo a ƙananan ƙungiyoyi, daga wannan garin masara zuwa wancan, a cikin bas mai warin safa, kuma duk inda ya sauka akwai kocin bugu da nasa maganin. Wani ya ce ya ɗaga gwiwar hannu, na gaba ya ce wane jahili ne ya ce ya ɗaga ta. Wani ya ajiye masa bokiti a bayan ƙafa don ta daina gudu. Wani ya ɗaure masa tawul a hammata. Wani tsoho mai tauna taba ya sa shi ya riƙa kallon ƙwallo tana wucewa har mako guda ba tare da ya kai bugu ba, yana faɗin inda ta nufa. Nicanor yaro ne mai biyayya, duk abin da aka ce ya yi sai ya yi, kuma bai manta ko ɗaya ba. Ya sha magani kala-kala, ciwon na nan daram.

Abokin ɗakinsa a waɗannan shekarun Fermín Quezada ne, ɗan garinsu, mai tsuguno bayan mai bugu yana cafke jifa. Fermín bakinsa ba ya hutawa.

"Shaho, wai gorar nan aron ta aka ba ka ne?" yakan ce. "Na ga kana lallaɓa ta kar ta taɓa komai. In ka gama da ita ka mayar kanti, sabuwa ce fil."

Sau ɗaya aka kira shi babbar ƙungiya, a ƙarshen wata kakar wasa da ɗan wasansu ya karye. Wata guda ya yi a can. Ba sa sa shi sai wasa ya zo ƙarshe suna gaba, don ya tsare musu abin da wasu suka ci. Gora kuwa sau kaɗan ya riƙe ta, kuma bugu ɗaya tak aka rubuta masa: ya sunkuya ne yana kauce wa ƙwallo, ta daki ƙotar gorar, ta yi tsalle ta faɗa inda babu kowa. Aka ɗauko ƙwallon aka ba shi ya ajiye don tarihi.

Da shekarun suka ƙare ya dawo gida da gwiwar da take ƙara idan hadari ya haɗo. Matarsa Ondina tana da shagon gyaran gashi a bakin titi, shi kuwa ya sami kujera a ƙofar shagon ya zauna. Safe da yamma yana ba da labarin cafke-cafkensa: wadda ya hau katanga ya ciro, wadda ya yi sufa a cikin laka ya kama. Waɗanda suka fi kowa haƙurin sauraronsa su ne matan da kansu ke cikin na'urar busar da gashi, don ba sa jin komai.

Ana nan, bayan shekaru masu yawa, wata rana Fermín ya sauko daga kan acaba, ya yi ƙiba, an naɗa shi babban kocin Masunta, ƙungiyar da Don Eladio Zorrilla mai kamfanin siminti ya saya don ya riƙa ganin hotonsa a jarida.

"Tashi ka wanke fuska, mutumina, na samo maka aiki," in ji Fermín.

Nicanor ya miƙe har gwiwar ta yi ƙara. "Na san za a neme ni. Yaran nan na yanzu ba su san tsaron bayan fili ba, tsayawa suke kamar masu jiran mota."

Fermín ya sosa ƙeya. "Wannan gurbin an riga an cike shi. Don Eladio ya ba ƙanen matarsa, Plinio."

"Plinio mai sayar da taya? Me ya taɓa cafkewa a duniya?"

"Mura, sau biyu a shekara. Amma yayarsa ce ke dafa wa mai ƙungiya abinci. Gurbi ɗaya ya rage." Fermín ya kalli ƙasa, ya kalli sama. "Kocin bugu."

Nicanor ya ce, "Tun muna Amurka kake yi mini ba'a, ban taɓa cewa komai ba. Yau har gida ka biyo ni da ita?"

Ondina ta leƙo daga shago da mataji a hannu. Duk ta ji.

"Ya karɓa," ta ce wa Fermín.

"Ondina, ban iya bugu ba. Duk garin nan an sani."

"Ni ma da na buɗe shagon nan ban iya rini ba, kan ƙanwarka na koya. Ka tafi, Nicanor. Jiya wata ta ce mini in dai sai ta sake jin labarin katangar nan, gara ta tafi da gashinta a jiƙe."

Haka ya karɓi riga da hula, da niyyar ya lallaɓa ya ga ƙarshen kakar ba tare da ya buɗe baki ba.

'Yan wasan sun san tarihinsa, don a San Pedro yaro yakan haddace alƙaluman 'yan besbol kafin ya haddace addu'ar coci. Ranar farko da ya iso ragar da ake atisayen bugu, wani ya ɗauki kwali ya shiga yi masa fifita, sauran suka kwashe da dariya. Nicanor ya yi kamar bai gani ba, ya jingina da ƙarfe ya harɗe hannu.

Babban abin da Don Eladio yake taƙama da shi a ƙungiyar shi ne Wascar Lantigua, wani ƙato mai kafaɗa kamar ƙofar gareji, wanda Amurkawa suka sallamo bayan shekara huɗu. Idan Wascar ya sami ƙwallo sai an neme ta a gonar rake, amma rabon da ya same ta an manta. Masu jifa sun gano shi, kowa murɗo masa yake yi. Ya shiga raga ran nan ya kai bugu ya sami iska, ya sake ya sami iska, ya yi jifa da gorar ya zauna a ƙasa.

Nicanor bai yi niyyar magana ba, bakinsa ne ya riga shi.

"Tun kafin ya saki ƙwallon ka riga ka yanke cewa murɗaɗɗiya ce, ko ba haka ba? Sai ka ce bari ka riga ta. In ka koma gida kuma ka kwanta, ita kake gani tana tahowa."

Wascar ya ɗago kai. "Wa ya gaya maka, Koci?"

"Babu. Ni na yi shekara goma sha biyar a gidan da ka kama haya jiya. Tashi."

Ya sa aka kawo bokiti ya ajiye masa a bayan ƙafa. Bai yi aiki ba. Ya ɗaure masa tawul a hammata, Wascar ya ce shi ba jariri ba ne. Sai ya tuna da tsoho mai tauna taba.

"Daga yau har mako guda ba za ka kai bugu ba. Ka tsaya da gora a kafaɗa, ka kalli ƙwallo, ka faɗa mini inda za ta."

"Kai ya yi maka aiki?"

"Ko kaɗan."

"To don me zan yi?"

"Don kai kana da abin da za a gyara. Ni babu komai a wurin."

Bayan mako biyu Wascar ya buga wata murɗaɗɗiya ta tsallake katanga, ta tsallake titi, ta fasa gilashin motar wani mai sayar da kankana. Kashegari da Nicanor ya iso raga ya tarar da layi, har da mai kwalin fifita a gaba. Abin da ya gano, ba da son ransa ba, shi ne babu wata hanyar kuskure ƙwallo da bai bi ta da ƙafarsa ba. Yana ganin mutum ya tsaya zai san ciwonsa, kuma a kansa akwai maganin koci goma sha wani abu, duk sababbi, tunda babu wanda jikinsa ya karɓa. Sai ya yi ta rabawa. Wanda na wannan bai yi wa ba, na wancan ya yi masa.

Masunta suka shiga cin wasa. Jaridu suka fara kiransa Farfesa. Wani ɗan rediyo ya tambaye shi sirrinsa, ya ce babu wani sirri, shi mai tsaron bayan fili ne, ɗan rediyon ya yaba da tawali'unsa. Shi kuwa duk lokacin wasa idonsa na can bayan fili, inda Plinio yake tsaye da tumbinsa yana yi wa yaransa ihun abu ɗaya da ya sani: "Wanda zai kama ya yi magana, sauran su kauce." Nicanor yakan ji kamar ya yi kuka.

A ƙarshen kakar suka ɗauki kofi. Don Eladio ya yanka aladu, aka gasa a bakin teku, aka kawo makaɗa. Da giyar rake ta fara aiki ya rungumo Nicanor a gaban jama'a.

"Farfesa, faɗi abin da kake so. Mota? Fili? Faɗi a gaban kowa."

"Ranka ya daɗe, a ba ni masu tsaron bayan fili."

Fermín ya ƙware da nama. Don Eladio ya waiwaya wajen matarsa, amma magana ta riga ta fita a gaban makaɗa. Aka mayar da Plinio kocin bugu, tunda sai an ajiye shi a wani wuri.

Nicanor bai taɓa shiga kaka da farin ciki irin wannan ba. Ya fito da tsohuwar safar hannunsa ya shafe ta da mai. Ranar farko ya tara yaransa a tsakiyar ciyawa ya ce su manta duk abin da aka koya musu.

"Abin mai sauƙi ne. Kana jin ƙarar gora, sai ka juya ka tafi inda za ta sauka, ka jira ta."

Ovidio, wanda yake tsare tsakiya, ya ɗaga hannu. "Koci, ta yaya za mu san inda za ta sauka?"

"Ai ka ji ƙarar."

"Na ji. Ƙara ce."

"To, ƙarar ta gaya maka."

Ovidio ya kalli sauran, sauran suka kalli takalmansu. Nicanor ya sake bayani da ƙarfi, a zatonsa wataƙila ba su ji ba ne. Ya hana su ɗaga kai suna gudu, don shi bai taɓa ɗagawa ba. Ya hana su ihun "tawa ce," ya ce wanda ya san aikinsa ba ya talla. A wasa na uku Ovidio da na hagunsa suka juya baya suka zura, kowa kansa a ƙasa, suka yi karo kamar raguna, ƙwallon ta sauka nesa da su ta yi zamanta. A wasa na biyar wani ya je ya tsaya da safar hannu a buɗe, cike da yaƙini, ƙwallon ta faɗi a bayansa. Can wajen raga kuwa Plinio yana gaya wa masu bugu su buga da ƙarfi, suna ta samun iska.

'Yan kallon San Pedro ba su da kara. Suka fara rera waƙa a kan Farfesan da ya bar aji ya tafi kiwo. Fermín ya same shi a ɗakin canza kaya, ya zauna kusa da shi, kuma a karo na farko tun da suka san juna bai yi ba'a ba.

"Shaho, abin da kake da shi ba ka san yadda aka yi ka same shi ba. Yaya za ka ba wani?"

"Yaran ne ba sa sa hankali."

"Suna sawa, shi ya sa suke karo. Ka koma raga."

"Gobe zan nuna musu da kaina. In suka gani da ido za su gane."

Ya kusa hamsin a lokacin. Da hantsi ya tsaya a tsakiyar fili da tsohuwar safar, ya ce wa Fermín ya buga masa mai nisa, kar ya ji tausayi. Gora ta yi ƙara. Nicanor ya juya, kuma na ɗan lokaci tumbi da furfura da gwiwa duk suka bar shi. Ya yi gudu kansa a ƙasa har gindin katanga, ya miƙa hannu ta saman kafaɗa ba tare da ya waiwaya ba, ƙwallon ta shiga safar. A takun da ya biyo baya gwiwar ta yi wata ƙara da aka ji har benci, ya zube.

Yaran suka rugo suka kewaye shi. Yana kwance a ciyawa, zufa na keto masa, ya ɗaga safar sama don su ga ƙwallon na ciki.

"Kun gani?"

"Mun gani, Koci," in ji Ovidio. "Ban taɓa ganin irinta ba. Amma ta yaya ka san nan za ta zo?"

Nicanor ya kalli sama ya nemi amsar da gaske, har masu ɗaukar marasa lafiya suka iso bai same ta ba.

Aka yi masa aiki a babban birni. Plinio ya koma bayan fili da ihunsa, karo ya tsaya. Ondina ta rufe shago ta zo ta zauna da shi a asibiti, tana bare masa lemo, ba ta ce ai na faɗa maka ba, don wannan karon ba ta faɗa ba. Yana kwance ne Wascar ya bugo waya daga Amurka. Wata babbar ƙungiya ta sake ɗaukarsa bayan kakar kofin, yana ta fasa musu kujerun bayan katanga.

"Koci, sun tambaye ni wa ya gyara ni, na faɗa musu. Suna son ka zo."

"Babbar ƙungiyar?"

"Ita kanta. Jirgi, otal, komai. Ba bas."

Nicanor ya ce, "Suna da mai koyar da bayan fili?"

"Suna da shi, Koci."

"Ya iya?"

"Bai taɓa buga wasan ƙwararru ba. Amma yaransa ba sa yar da ƙwallo."

Ondina ta karɓe wayar ta tambayi ranar da ake son ya iso.

Wurin da ya yi shekara goma sha biyar yana nema da safar hannu aka ba shi wata guda, ya shige shi da sandar dogarawa ya zauna shekara tara. Masu bugun da ake ji da su a duniya sukan zo su tsaya gabansa kamar marasa lafiya a layin asibiti. Ya daina gardama idan aka kira shi Farfesa.

A shekararsa ta ƙarshe aka kawo wani ɗan Venezuela mai suna Argenis, siriri kamar kara, don ya tsare musu tsakiya idan wasa ya zo ƙarshe. Ranar farko aka buga wata mai nisa, Nicanor yana benci ya ga saurayin ya juya baya ya zura kansa a ƙasa. Ya miƙe tsaye bai sani ba. Bayan wasa 'yan jarida suka kewaye Argenis suna tambayarsa yadda ya san inda za ta sauka, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai an ji ƙarar.

Da suka watse Nicanor ya ɗingisa ya je ya zauna kusa da shi.

"Na ga bugunka a atisaye," ya ce. "Ƙafarka ta hagu tana gudu."

"Kowa ya faɗa mini, Koci. An gwada komai, ba ya yi. Ni hannuna zai ciyar da ni."

"Zai ciyar da kai, har ranar da gwiwa ta ce ta gaji. Gobe da safe ka same ni a raga."

"Za ka iya gyara ni?"

Nicanor ya dube shi sama da ƙasa. "Ban ga alama ba. Amma ka zo, kuma duk abin da na faɗa maka ka riƙe shi da kyau, ko da bai yi maka aiki ba."

Argenis ya ce to, don dai tsoho ne ya yi magana. Kashegari ya makara, ya zo yana hamma, ya tarar Nicanor ya riga shi, yana zaune a kan kujera da kofin gahawa yana jiransa.